Surukina da Motarsa Mai Fitilar Ashana

Tun ranar da ɗan Adam ya fara tsoron duhu, bai gano wani aiki da ya kai kunna fitila daraja ba. Ya gina dauloli sun rushe, ya ƙetare teku, ya kafa dokoki ya karya su, amma mutuncinsa yana wuri guda: ya durƙusa, ya tare iska da tafin hannu, ya ƙyasta ashana. Al'ummar da ta koma danna maɓalli ta yar da wani abu nata da ba za ta sake tsinta ba.

Wannan ra'ayin surukina ne, mahaifin matata, kuma a gareji ya bayyana mini shi, yana sanye da singileti da tsohon wandon zuwa coci, hannunsa dumu-dumu da baƙin mai. Ni tarihi nake koyarwa a makarantar sakandare, na san inda zancen ya yi rauni. Na ce, "Haka ne, Baba." Rabin abin da na taɓa faɗa masa a duniya ke nan.

Ya rasu a watan jiya, a kan gadonsa, bayan 'yar gajeriyar jinya. Gidansa da ke gefen unguwar Sedgefield, nan Amurka, ya cika har bakin titi. Matan zumunta na cocinmu suka zo da kuloli da waƙoƙi, suka zagaye surukuwata. Kowa ya shigo sai ya durƙusa ya ce mata Allah ya ba da haƙuri, Allah ya ta'azantar, sannan a hanyar fita ya ɗan leƙa ƙofar gareji. Fasto ya ce marigayin mutum ne mai son haske, ya so ya ja zancen zuwa wa'azi, sai wata Anti daga baya ta ce, "Mai son wari dai, Fasto," falon ya fashe da dariya, masu kuka ma suka yi. Jikoki suna raɗa da Turanci a kan wanda zai gaji motar. Wani Alhaji mutumin Maraɗi, mai kantin kayan abinci a titin Gate City Boulevard, wanda suka daɗe suna abota da marigayin ko da yake ba addininsu ɗaya ba, ya zauna a kusurwa har aka kawo shayi. Sai ya ce, "Bon. Yanzu wa zai hana mutane gudu a hanyarmu?"

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan. Na ga alamar in aka yi sakaci za a tuna da shi a matsayin tsohon nan mai motar ban dariya, shi ke nan. Mutumin ya fi haka, kuma da yake ni ne na fi kowa zama a gefensa cikin motar, nauyin a kaina yake.

Mutumin ƙasar Zazzau ne. Ya zo Amurka karatu, ya yi aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wata jami'a har ya yi ritaya. Bayan ritayar ne ya sayo motar a wajen wani manomi a bayan gari, aka kawo ta a kan tirela, kaji sun gama kwana a cikinta. Ta haura shekara ɗari. Baƙa ce, doguwar ƙafa, tana da rumfar tamfol, ana tayar da ita da hannu, a murɗa wani ƙarfe a gabanta har ta yi tari ta kama. Ba batir ke ba ta haske ba. A gefenta, kan matakin hawa, akwai wani gwangwanin tagulla mai hawa biyu, ruwa a sama, kabayid a ƙasa, dutsen nan da masu walda ke amfani da shi a gida. Ruwan na ɗiga a kan dutsen, iska mai kamawa da wuta ta tashi, ta bi robar tiyo zuwa manyan fitilu biyu na gaba. Ƙananan fitilun gefe da ta baya kuwa kananzir ne da lagwani. Iskar kabayid ɗin nan warin ruɓaɓɓiyar tafarnuwa take yi. Surukuwata ta yi ƙorafi har ta gaji. Sau ɗaya tak na ji ya ba da dalili. Ya ce mahaifinsa maharbi ne, da irin wannan fitilar a goshi yake shiga daji. "Ku tafarnuwa kuke ji," in ji shi. "Ni babana nake ji ya dawo."

Yanzu sai in faɗi matsayina. Mu mutanen da aka rena da kunyar surukai ne, kuma jirgin sama bai raba mu da ita ba. Ban taɓa kiran sunansa ba. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba. In na zo gaishe shi takalmina a waje, idona a kan kafet. Shi ma Malam yake ce mini, kuma in zai yi mini magana sai ya dubi bango. Mun zauna lafiya a haka, kowa da iyakarsa, har ranar da ya gano kunna fitilun nan ya fi sauƙi da mutum biyu: ɗaya ya buɗe ruwan a gefe, ɗaya ya tsaya a gaba da ashana. 'Ya'yansa maza suna nesa. Ya aiko matata ta ce Baba na nemana.

Aikin yana da ƙa'ida. Ka buɗe gilashin fitilar, ka durƙusa, ka jira. In ka yi gaggawa ashanar ta ƙone a banza. In ka yi jinkiri iskar ta taru, ta yi fuf a fuskarka. Hanci ne agogonka. Yakan tsaya a gefe yana cewa, "Ka ji ta, Malam? Kada ka ƙyasta sai ta gaishe ka." Ranar farko ban amsa gaisuwar da wuri ba, na koma makaranta da rabin gira. Da matata ta tambaya, kafin in buɗe baki ya ce shi ne ya saki ruwan da yawa. Ba haka aka yi ba. Wata rana kuma, ina durƙushe ina jiran warin, ya ce wa bango, "Ka ga, duk Amurka ita kaɗai ce motar da ake durƙusa wa."

In sun kama, hasken fari ne tas, yana ɗan huci kamar mai barci. Yana da kyau, ba zan ɓoye ba. Sai dai bai da nisa. Yana nuna maka abin da ka kusa takawa, sauran duniya kuwa ya bar ta ga Mai ita.

Sannan a hau. Kujerar gaba an yi ta ne don mutanen da, masu ƙananan jiki. Kafaɗata na gogar tasa. Mutumin da ban taɓa haɗa ido da shi ba, ga gwiwata na dukan tasa a kowane rami. Nakan manne da ƙofa har haƙarƙarina ya yi ciwo, shi kuma ya miƙe zaune kamar alƙali, kowa na kallon gabansa. Da faɗuwar rana muke fita, ran Asabar, mu zagaya ta bayan filin golf, mu hau Gate City Boulevard har kantin Alhaji, mu juyo. Motar ba ta gudu. Layin motoci kan taru a bayanmu kamar masu rakiyar gawa, wasu na hon, wasu na ɗaga waya suna ɗaukar mu. Ba ta da fitilar nuna kwana, sai ni in miƙa hannu waje. Ɗalibaina sun gan ni. Wata Litinin na shiga aji na tarar an zana ni a allo, da hula, da hannu a miƙe. Na goge, na koyar da juyin masana'antu, ban ɗaga kai ba har aka kaɗa ƙararrawa.

Shi ko a jikinsa. In an yi masa hon sai ya ce, "Allah ya kai ka lafiya inda ba a jiranka."

A kantin Alhaji yakan sayi tsire ƙunshi biyu, ya ajiye ɗaya a kujerata, sannan ya ce bari ya duba fitilar baya, iska na yawan kashe ta. Yakan daɗe a can. Ina jin su da Alhaji suna gardama a kan ko mutanen Maraɗi ne suka lalata Hausa ko Zage-zagi. Sai na gama ci na goge baki, sannan fitilar bayan ta gyaru. Mun daɗe a haka kafin in fahimci cewa lagwanin nan lafiyarsa ƙalau.

Yana da faɗa, kada a ce na yi masa kwalliya. Wata Kirsimeti babban ɗansa, yayan matata, ya zo daga Atlanta da kyauta a kwali: ƙananan ƙwayayen lantarki masu batir, waɗanda za a saka cikin fitilun tagullar ba wanda zai gane. Da kyakkyawar niyya ya kawo su. Baba ya juya kwalin a hannu, ya ce, "Ni ma in na tsufa ka cire mini zuciya ka sa batir, ba wanda zai gane." Ya tashi daga tebur. Bai ƙara ɗaukar wayar ɗan nan ba sai bayan Ista, kuma ko da suka shirya, zancen mota ya zama haramun a tsakaninsu.

Abin da yayan matata ya hango daga Atlanta, ni da ke zaune a gefensa na riga na sani. Idon Baba yana tafiya. Da rana yana lallaɓawa, amma da magariba ta yi, fitilun motocin zamani suka haske shi, sai hannunsa ya ƙanƙame sitiyari. Ya fara cewa, "Malam, karanta mini allon can, in ji ko Turancinka na nan." Ina karantawa. Daga baya ya zama ina faɗin danja tun daga nesa, kamar mai magana da kansa: "Ja ce." "Ta ba da hannu." Wata rana ya tsaya cak a wata kwana, ya ce bari dattijon nan ya ƙetare. Muka jira. Garwar shara ce aka turo bakin titi. Bayan ɗan lokaci na ce, "Kamar ya fasa, Baba." Ya ce, "Haka tsofaffi suke," muka wuce.

Wannan ya zama abin dariya in ana so. Na gaba bai zama ba. Ƙarshen kaka ne, ganye ya zube, duhu na saurin sauka. A bayan filin golf wata mata ta fito da karenta za ta ƙetare, da tufafi masu duhu. Na gan ta. Na jira ya rage gudu, bai rage ba. Na yi gyaran murya. Na ce, "Kamar akwai mutum." Sai da hasken ya hau kan takalmanta na daka tsawa, "Baba, tsaya!" na kai hannu na fizgi sitiyarin daga hannunsa. Tayar gaba ta hau ciyawa, motar ta mutu, fitila ɗaya ta mutu tare da ita. Matar ta zazzaga mana abin da ya dace da mu, ta ja karenta. Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar, ban taɓa taɓa hannunsa ba sai ranar. Muka zauna cikin warin tafarnuwa, ba mai kallon wani. Can ya ce, "Sauka ka murɗa ta, Malam." Na sauka na murɗa ta, muka koma gida.

Na faɗa wa matata, ita ta faɗa wa mahaifiyarta, washegari aka kira ni kicin.

"Sai an kashe 'yar mutane sannan za ku yi magana?" in ji surukuwata, tana yanka kuɓewa ba ta dube ni ba.

Matata ta ce, "Mama, ke ki faɗa masa mana."

"Na faɗa. Ya ce da idonsa na gani da kyau ai da bai auro ni ba. Yayanki kuwa kin san yadda suka ƙare. Ke in kin je kuka za ki yi. Saura mutum ɗaya da yake jin kunyarsa."

Na ce, "Mama, ni ma ai ina jin tasa."

"To ku je ku ji ta tare, amma a ajiye motar nan."

Abin da aka ɗora mini ke nan: in je in gaya wa mahaifin matata cewa ya makance, ya sauka daga abu ɗaya da ya rage masa na kansa. In na yi shiru, wata magariba za a taka wani. In na yi magana, na tsirara dattijo a gidansa.

Sanyi ya cece ni na ɗan lokaci. Ruwan gwangwanin kan daskare a hunturu, don haka motar takan huta har a ga ɗumi. Na yi watannin nan ina tsara jawabi. Na rubuta, na yaga. Na gwada shi a mota a hanyar makaranta. Matata takan tambaye ni da ido kowace Lahadi, ni kuma in dubi sama in ce ai har yanzu da sanyi. Da itatuwa suka fara fure, na ga ya fito da gwangwanin yana goge shi, na san lokaci ya ƙure.

Bayan coci na same shi a gareji, yana zaune a kan wani akwati. Na cire takalmi a kan siminti mai mai, na durƙusa. Na fara da lafiyar iyali. Na gangaro kan yadda hanyoyi suka canja, yadda a zamanin da aka ƙera irin motar nan dawaki ne abokan hanya, ba manyan motoci masu fitila kamar walƙiya ba. Na kawo masa labarin dokar da aka taɓa yi a Ingila, cewa sai mutum ya riƙa tafiya a gaban mota da jan ƙyalle. Na yi maganar masu tuƙin yanzu da rashin haƙurinsu. Na ɗora laifi a kan kowa da komai a jihar nan, ban da ido. Ya bar ni na yi ta zuba, yana murza tsumma a kan tagulla, har na rasa inda zan bi na tsaya a tsakiyar jimla.

Ya ce wa bango, "Malam, so kake ka ce in daina tuƙi?"

"Ban ce ba, Baba."

"To, na ji abin da ba ka ce ba." Ya ninke tsumman. "Na daina. Ka gaya wa matan kai ka hana ni."

Na sa takalmina na fito. A gida kuwa na zama wani abu. Surukuwata ta aiko mini da tuwon shinkafa da miyar taushe har gida. Yayan matata ya kira daga Atlanta ya ce ya sara mini. Matata ta riƙa ba da labarin a zumuntar mata, kowane bayarwa jawabina na ƙara tsawo da hikima. Ban gyara mata ba. Na ma fara jin cewa wataƙila zancen jan ƙyallen nan ne ya ratsa shi.

Bai sake hawa titi ba. Amma ran Asabar da magariba yakan sa in turo motar bakin gareji, ya buɗe ruwa, in durƙusa da ashana. Sai mu hau mu zauna, kafaɗa da kafaɗa, fitilu na huci, suna haska ƙofar garejin maƙwabci. Ba ma zuwa ko'ina. Wani lokaci ya yi zancen babansa, wani lokaci ya yi gyangyaɗi. In dutsen ya cinye, hasken ya yi ja ya mutu, sai ya ce, "Mun iso," mu sauka. A haka muka ci gaba har jinyar da ta ɗauke shi.

Allah ya ba shi hutu. Ya ba surukuwata ƙarfin zaman gidan da babu mai yi mata gardama a cikinsa. Mu da ya bari, Allah ya sa mu iya rufa wa na ƙasa da mu asiri kamar yadda ya iya.

Ranar da aka share makoki, surukuwata ta sake ba wa mata labarin yadda mijin 'yarta ya yi abin da ya gagari kowa, aka yi ta sa mini albarka. Da Alhaji ya tashi tafiya na raka shi wajen motarsa. Ya buɗe ƙofa, ya tsaya, ya dube ni ta saman tabarau.

"Malam, wane wata ne ka yi masa wannan babban jawabi naka?"

Na ce bayan sanyi ne, da itatuwa suka yi fure.

Ya ce, "Bon. Ni dai washegarin ranar matar nan mai kare ya kira ni, na rufe kanti na kai shi ofishin lasin. Da hannunsa ya miƙa musu permi ɗinsa na tuƙi."